Mai Zana Ruwan Sama

Ba ni ke zana fuskoki ba.
Fuska ta Malama Tatebe ce, ita da alƙalaminta mai tsinin allura,
da idanun nan dara-dara da 'yan mata ke nutsewa a ciki.
Nawa shi ne abin da ke baya:
tagar aji, wayoyin lantarki, keken da aka jingine a bakin gada,
sai kuma ruwan sama.
Shekara tara ina sauke ruwa a kan takarda
a wani ɗaki, hawa na uku, a Nerima,
inda jirgin ƙasa ke kaɗa kwalbar tawada duk bayan minti shida.

Shekarar Yorika goma sha bakwai ranar da na fara aiki.
Yau ma sha bakwai take.
Rigar makarantarta ba ta koɗe ba,
ba ta taɓa biyan kuɗin haya ba.
Ni kuwa na sauya tabarau har sau biyu,
na raka tokar mahaifina Yamagata ranar wata Talata,
na biyo jirgin dare na dawo
don akwai gajimaren da ban ƙarasa ba a shafi na sha huɗu.

Sai da Sohei ya cinye littafi shida yana kame-kame
kafin ya ajiye sunan gidansu ya kira ta da nata.
Kalma guda.
Malama ta ba ta shafi biyu cur,
ni na cika bayan da furanni har wuyan hannuna ya kumbura.
A watan nan wasiƙu sai da buhu.
Masu kuka, masu fushi, masu cewa ai ɗayan yaron ya fi dacewa,
wata ma ta aiko da alewa, wai a ba Yorika.
Mu muka shanye.

Duk cikinsu guda ce ba ta Malama ba.
Daga Aomori, rubutun fensir, takardar da aka yago daga littafin lissafi:
“Wa ke zana ruwan?
A littafi na huɗu akwai laimar da aka manta a tashar bas,
ƙarfenta ɗaya ya karye.
Duk lokacin da labari ya bi ta wurin ina duba ta.
Har yanzu ba wanda ya zo ɗauka.”

Na karanta a tsaye, na sake karantawa a makewayi.
Laimar Baba ce.
Ban gaya wa kowa ba, ko Malama ba ta lura ba.
Na ajiye ta a can ne kawai
don ban san inda ake ajiye irin wannan ba.

Jiya edita ya zo da kek da guntun murmushi.
Babi uku suka rage, in ji shi, mujalla na son sabon jini.
Malama ba ta ce uffan ba. Ta wanke alƙalami,
ta daɗe tana goge shi da tsumma.
Can ta ce, ba tare da ta juyo ba:
“Shafin ƙarshe ba mutum a ciki. Naki ne.”

Ga ni nan, ƙarfe biyun dare,
shayi ya huce, jirgin ƙarshe ya wuce.
Na ja layin rufin tashar, na ja benci,
na zana kududdufi da guntun sama a cikinsa.
Yarinyar Aomori ta girma yanzu, na sani,
wataƙila tana kan layin biyan kuɗi a wani kanti,
jaka a kafaɗa, waya a kunne.
Ko za ta saya, oho.

Inda laimar take na bar shi fari.
An zo an ɗauka.